Malam a Rabin Aji: Maza da Aikin Koyar da Ƙananan Yara

Gabatarwa

Ya ku ɗalibai, idan aka tambaye ku wanda ya fara koya muku riƙe fensir da ƙirga ɗaya zuwa goma a makaranta, mafi yawanku za ku ambaci mace. A makarantun nazare na Nijeriya yara sun saba kiran mai koyar da su "anti", domin da wuya su ga namiji a gaban ajinsu. Wannan ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa koyar da ƙananan yara aikin mata ne kawai. A wannan darasi za mu duba ko haka abin yake a ko'ina kuma a kowane zamani. Za mu fara daga garin Suleja na Jihar Neja, mu leƙa wasu ƙasashen duniya, sannan mu dawo gida da abin da muka samo.

Mece ce makarantar nazare?

Makarantar nazare ita ce wadda yaro yake shiga kafin ya isa firamare, wato daga kimanin shekara uku zuwa biyar. Wasu suna kiranta makarantar renon yara, wasu kuma makarantar share fage. Hausawa sukan kira ajin da ke gab da aji ɗaya na firamare "rabin aji". A nan ne yaro yake koyon zama da 'yan uwansa yara, da gaisuwa, da wanke hannu kafin cin abinci, da sanin launuka da haruffa da lambobi. Yawancin wannan koyo ta hanyar wasa da waƙa da tatsuniya ake yin sa.

Kada ku raina wannan mataki don ganin ƙanƙantar masu karatun. A shekarun farko na rayuwa ne ƙwaƙwalwar ɗan Adam take bunƙasa da sauri fiye da kowane lokaci, shi ya sa Hausawa suke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gwamnatin Nijeriya ma ta yarda da haka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da UBE, ta sanya kula da ƙananan yara da ilimantar da su a cikin ilimin tushe. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta tanadi shekara ɗaya ta share fage ga yaro kafin ya shiga aji ɗaya.

Makarantu biyu a gari ɗaya

Suleja tsohon gari ne. Abu Ja ne ya kafa shi a 1828, kuma a da sunansa Abuja. Bayan da aka zaɓi wurin gina sabon babban birnin tarayya a 1976, aka ba sabon birnin wannan suna, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Shi wannan sarki, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma ya yi aikin malanta kafin ya zama sarki. Wannan yana nuna muku irin darajar da aikin koyarwa yake da ita a idon maza a wancan zamani.

A yau dubban mutanen da suke aiki a Abuja a Suleja suke zaune, da unguwanni da garuruwan da ke kewaye da ita kamar Kwamba da Madalla. Da yawansu sukan bar gida tun da asuba, uba da uwa duka, ba su dawowa sai bayan magariba. Saboda haka makarantun nazare suka yawaita, galibinsu masu zaman kansu. Idan kuka shiga irin waɗannan makarantu za ku tarar mata ne a azuzuwan ƙanana. Mazan da ke wurin sukan riƙe manyan azuzuwa, ko shugabancin makarantar, ko tuƙa motar ɗaukar yara, ko gadi.

To, amma ku bi ta cikin tsofaffin unguwannin garin da sassafe ko da la'asar. Za ku ji muryoyin yara suna tashi daga zaure ko daga ƙarƙashin rumfa. Wannan ita ce makarantar allo, wadda ta girmi makarantar boko da ɗaruruwan shekaru a ƙasar Hausa. A can za ku ga yara maza da mata, wasunsu ba su wuce shekara huɗu ko biyar ba, sun kewaye malami namiji, kowa da allonsa. Malamin ne yake rubuta wa yaro haruffa da tawada, ya biya masa, yaron ya maimaita, har ya iya. Da farko yaro yana koyon babbaƙu, wato haruffa zalla, sannan ya wuce zuwa farfaru, wato haruffa da wasullansu. Malaman da sun laƙaba wa haruffan Larabci sunaye na Hausa, irin su "ba guje" da "mim jaye", don yaro ya riƙe siffar kowane harafi cikin sauƙi. Wannan dabara ce ta wanda ya san yadda ƙaramin yaro yake koyo.

Ga abin lura a nan. Yaro ɗaya yana iya zuwa wurin "anti" da safe, ya je wurin malam da yamma, kuma iyayensa ba su ga wani abin mamaki ba. Amma da za su tarar da namiji a ajin nazare, wataƙila su tsaya yin tambaya. Me ya kawo wannan bambanci? Amsar tana cikin kalmomi biyu: koyarwa da reno. A al'adar Bahaushe koyarwa aiki ne da aka san maza da shi, ko da yake mata ma sun yi fice a cikinsa, kamar Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta kafa tsarin 'yan taru don ilimantar da mata. Reno kuwa, wato goyo da ciyarwa da wanka da rarrashi, an bar shi a hannun uwa da kaka da yaya. Makarantar nazare ta haɗa ayyukan biyu a wuri ɗaya. Wanda ya kalle ta ta fuskar koyarwa ba zai ga laifin namiji a cikinta ba. Wanda ya kalle ta ta fuskar reno kuwa zai ce wurin mata ne.

Yadda aka faro a Turai

Za ku yi mamaki idan kuka ji cewa a Turai ma maza suna cikin waɗanda suka fara wannan aiki. A 1816 wani mai masaƙa da ake kira Robert Owen ya buɗe makarantar ƙananan yara a garin New Lanark na yankin Sikotilan, domin 'ya'yan ma'aikatansa. Malamin da ya zaɓa musu wani masaƙi ne mai suna James Buchanan, wanda aka sani da haƙuri da son yara, tare da wata budurwa, Molly Young, da take taimaka masa. Owen ya hana su dukan yara ko yi musu barazana.

A ƙasar Jamus kuma Friedrich Froebel ne ya kafa makarantar da a 1840 ya raɗa wa suna "Kindergarten", ma'ana lambun yara. A ganinsa yaro kamar tsiro yake, malami kuma kamar mai lambu. A ƙarshen rayuwarsa ya mai da hankali ga horar da mata, kuma su ne suka yaɗa irin wannan makaranta zuwa Ingila da Amurka da sauran ƙasashe. A wancan lokaci ayyukan da aka yarda mace mai ilimi ta yi kaɗan ne ƙwarai, saboda haka mata suka rungumi wannan. Masu makarantu kuma suka ga cewa za su iya biyan mace ƙasa da abin da za su biya namiji. A hankali aikin ya koma hannun mata, har aka manta cewa maza sun taɓa yin sa.

Halin da ake ciki a ƙasashe daban-daban

A ƙasashen ƙungiyar OECD, waɗanda mafi yawansu masu arziki ne, maza ba su wuce kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na malaman share fage ba. A Amurka da Ingila ma adadin yana kusa da kashi 3 cikin 100. A 1996 wani kwamitin ƙwararru na Tarayyar Turai ya ba da shawarar a kai maza kashi 20 cikin 100 na ma'aikatan kula da yara a cikin shekara goma. Wa'adin ya cika ba tare da wata ƙasa ta cim ma wannan buri ba. Duk da haka wasu ƙasashe sun yi ƙoƙari, kowace ta hanyarta.

Ƙasar Norwe tana cikin waɗanda suka fi samun nasara. Gwamnatinta ta daɗe tana ƙarfafa wa makarantu guiwa su ɗauki maza, kuma a yau kimanin mutum ɗaya cikin goma na ma'aikatan makarantun yaranta namiji ne. A can yara sukan shafe sa'o'i da yawa a waje, cikin daji ko dusar ƙanƙara, kuma an lura cewa makarantun da suka fi ba da ƙarfi ga zaman waje sun fi jawo maza.

A Jamus, daga 2011 zuwa 2013, gwamnati ta gudanar da wani shiri na musamman don ƙara yawan maza a makarantun yara. An riƙa zuwa wurin samari 'yan makaranta ana bayyana musu aikin, aka kuma buɗe hanya ga mazan da suke son barin wata sana'a su dawo wannan. Yawan maza ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin 100 a 2012 zuwa kusan kashi 8 cikin 100 a 2022.

Labarin Japan zai burge ku a matsayinku na masu koyon harshe. A da sunan da ake kiran mai wannan aiki shi ne "hobo", kuma a rubutun Japananci akwai alamar "uwa" a cikin kalmar. Sai a 1977 aka yarda maza su sami takardar shaidar aikin. Namiji ya ci jarrabawa, amma sunan aikinsa yana kiransa uwa! A 1999 aka sauya sunan zuwa "hoikushi", kalmar da ta dace da namiji da mace. Ku kwatanta wannan da tamu kalmar "anti", za ku ga yadda suna kaɗai yake iya gaya wa saurayi cewa wannan wuri ba nasa ba ne.

A ƙasar Sin kuwa, lardin Jiangsu ya fara ba samari karatun malanta kyauta a 2010, bisa sharaɗin su koyar a makarantun yara bayan sun gama. Wato su sun bi ta hanyar sauƙaƙa wa saurayi kuɗin karatu.

Me ya sa maza suka yi ƙaranci?

Ko da yake ƙasashen nan sun bambanta a harshe da addini da arziki, dalilan da suke hana maza wannan aiki kusan iri ɗaya ne.

Na farko shi ne albashi. A ƙasashe da yawa malamin nazare yana samun ƙasa da abin da malamin sakandare yake samu. A Nijeriya ƙananan makarantu masu zaman kansu ba sa biya da tsoka. A al'ummar da ta ɗora wa magidanci cefane da kuɗin haya da kuɗin makarantar 'ya'ya, saurayi yakan duba ya ga cewa kasuwanci ko wata sana'ar hannu ta fi masa. Ku lura cewa wannan matsala tana cutar da mata malamai su ma, domin su ne suke aiki mai nauyi a kan lada kaɗan.

Na biyu shi ne kallon da jama'a suke yi wa aikin. Akwai masu ganin cewa wasa da yara ne kawai, ba ya buƙatar ilimi. Saurayin da ya zaɓe shi yakan sha zolaya daga abokansa, wani lokaci har daga danginsa.

Na uku shi ne zargi. Iyaye suna jin labaran cin zarafin yara, suna kuma tsoron abin da zai sami 'ya'yansu. Wasu sukan ƙi amincewa namiji ya kai yaro banɗaki ko ya sauya masa tufafi. A 2017 an yi muhawara mai zafi a kan wannan batu a birnin Chiba na Japan, bayan da hukumar birnin ta ce ma'aikata maza za su yi dukkan ayyukan da mata suke yi. Malami namiji da ya san ana kallonsa da zargi kullum yakan gaji ya bar aikin.

Na huɗu shi ne rashin abin koyi. Yaron da bai taɓa ganin namiji a ajin nazare ba, da wuya ya girma da sha'awar zama malamin nazare. 'Yan kaɗan ɗin da suka shiga kuma, sau da yawa akan ɗauke su daga ajin ƙanana a kai su manyan azuzuwa ko ofis.

Me yaro yake buƙata?

Wasu suna cewa a kawo maza don sun fi iya tsawatarwa ko wasannin motsa jiki. Ku yi hattara da wannan magana. Wani bincike da aka gudanar a birnin Dresden na Jamus ya kwatanta yadda malamai maza da mata masu horo iri ɗaya suke mu'amala da yara, ya kuma gano cewa babu wani babban bambanci a ingancin aikinsu. Abin da yake bambanta malami da malami shi ne horo da haƙuri da riƙon amana.

To, idan haka ne, mene ne amfanin samun maza? Amfani na farko shi ne yawan ƙwararru. Ƙasar da take da miliyoyin yara masu jiran shiga makaranta ba za ta rufe ƙofa ga rabin masu iya koyar da su ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, yaro yana koyo da ido fiye da yadda yake koyo da kunne. Idan ya ga namiji ya durƙusa ya ɗaure wa yaro igiyar takalmi, ko ya rarrashi mai kuka, ko ya sasanta masu faɗa ba tare da bulala ba, zai gane cewa tausayi da taushin hali ba su rage wa namiji daraja. Wannan darasi ne da zai amfane shi ranar da ya zama uba. Na uku, akwai yaran da mahaifinsu ya rasu ko yake aiki a nesa, waɗanda samun malami nagari yakan rage musu wani giɓi.

Amana da kariya

Tsoron iyaye abu ne da ya kamata a girmama, domin babu dukiyar da ta kai ɗa. Sai dai hana maza aiki ba shi ne zai kare yara ba, tunda cutarwa tana iya fitowa daga namiji ko mace. Abin da yake kare su shi ne doka da tsari da za su hau kan kowa. A Norwe da Jamus da Ingila, duk mai neman aiki da yara sai an binciki tarihinsa a wurin hukuma, namiji ne ko mace. A Nijeriya akwai Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, akwai kuma hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, wadda aka kafa a 1993.

Makaranta tagari takan binciki halin ma'aikaci kafin ta ɗauke shi. Takan gina azuzuwa masu tagogi da ake iya ganin ciki daga waje, ta hana babba ya keɓe da yaro a ɗaki rufe, ta kuma bar ƙofa a buɗe ga iyaye. Game da banɗaki da sauya tufafi, makarantu da yawa a ƙasarmu suna da mata masu reno da aka ware don wannan, abin da ya dace da al'adarmu. Haka kuma ana koya wa yaro ya faɗa wa iyayensa duk abin da ya dame shi. Irin wannan tsari yana kare yaro daga cuta, yana kuma kare malamin kirki daga ƙazafi. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Kun ga cewa a makarantar allo ta Suleja da makarantar New Lanark maza sun koyar da ƙananan yara, kun kuma ga yadda albashi da al'ada da zargi suka nisanta su daga ajin nazare a ƙasashe da yawa. Wanda yake sha'awar wannan aiki a cikinku, namiji ko mace, hanya a buɗe take. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya ita ce NCE, wadda ake samu a kwalejojin ilimi, kuma da yawansu suna da sashen nazarin ilimin ƙananan yara. A Jihar Neja akwai irin waɗannan kwalejoji a Minna da Kontagora. Da yawanku kuma wata rana za ku zama iyaye, ko masu makarantu, ko jami'an ilimi. Idan ranar ta zo, ku auna mai neman koyar da 'ya'yanku da iliminsa da halinsa, ku kuma biya shi gwargwadon nauyin da kuka ɗora masa.

Ma'anar wasu kalmomi

Reno: kula da ƙaramin yaro ta hanyar ciyarwa da tsabta da rarrashi.
Zaure: ɗakin shiga gida na gargajiya, inda maigida yake karɓar baƙi.
Masaƙi: mutumin da sana'arsa saƙa tufafi.
Jinka: rufin ɗaki da aka yi da itace da ciyawa.
Zolaya: tsokanar mutum da wasa ko ba'a.
Ƙazafi: jingina wa mutum laifin da bai aikata ba.
Giɓi: wurin da wani abu ya ɓace aka bar shi babu komai.

Tambayoyi

1. Wane suna Hausawa suke kiran ajin da ke gab da aji ɗaya na firamare?
2. Bayyana bambancin da ke tsakanin koyarwa da reno a al'adar Bahaushe.
3. Wane ne James Buchanan, kuma me ya sa aka zaɓe shi?
4. Me ya sa aka sauya sunan wannan aiki a Japan a 1999?
5. Kawo dalilai uku da suke hana maza koyarwa a makarantun nazare.
6. Faɗi matakai uku da makaranta za ta ɗauka don kare yara.
7. Yi bayanin karin maganar nan: "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Aiki

Ku rabu gida biyu ku yi muhawara da Hausa a kan wannan batu: "Ya kamata makarantun nazare su riƙa ɗaukar malamai maza." Bayan haka kowa ya tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa a unguwarsu wanda ya fara koya masa karatu, ya rubuta abin da ya ji a cikin jimloli goma.